Kafin Ka Ce Bairos Ne: Yadda Firiji, Janareta da Wayar Bango Ke Rikita Kwamfuta

A wani ƙaramin ƙauye mai suna Aberhosan, can yankin Wales na Birtaniya, an shafe wata 18 intanet na ɗaukewa kullum da ƙarfe 7 na safe, kuma ƙauyen baki ɗaya abin ke shafa. Injiniyoyin kamfanin Openreach sun yi ta zarya, har wayoyin layin intanet ɗin suka sauya da sababbi, amma da zarar bakwai ta buga sai a koma gidan jiya. A shekarar 2020 ne suka yi sammako suka riƙa zagaya ƙauyen a ƙafa, riƙe da na'urar da ke sansano hayaniyar lantarki a iska. Bakwai na cika, na'urar ta nuna wata babbar tartsatsin hayaniya, suka bi sawunta har wani gida. Ashe wata tsohuwar talabijin ce, mai gidan ya saba kunna ta a daidai wannan lokaci. An ce kunya ta kama shi ƙwarai, ya yi alƙawarin ba zai ƙara kunna ta ba, intanet ɗin ƙauyen kuma ta zauna daram.

Abin da ya tona asirin talabijin ɗin nan agogo ne. Da a ce matsalar tana zuwa yau da safe, gobe da la'asar, jibi tsakar dare, da sun fi haka shan wahala.

Mu a nan, idan kwamfuta ta fara daskarewa, ko ta mutu ta sake tashi da kanta, ko allo ya yi baƙi na ɗan sakan ya dawo, ko linzami ya riƙa tsalle-tsalle ba wanda ya taɓa shi, hukuncin da ake yankewa kusan ɗaya ne: bairos ne, sai an yi fomatin. A kwashe ta a kai shago, a goge komai, wani lokaci har da aikin da mutum ya yi wata da watanni yana tarawa. A shago ta wuni tana aiki lafiya lau, mai gyara ya karɓi kuɗinsa da gaskiyarsa. A dawo da ita gida, kafin Magariba ta koma halinta. An bar jaki ana dukan taiki. Kwamfutar da ke lafiya a shago, tana ciwo a gida, ai ta riga ta faɗa maka inda ciwon yake.

Rijiya ɗaya, masu guga da yawa

Wutar da ke shiga gidajenmu a Najeriya, a ƙa'ida, bolt 230 ce, tana kai da kawo sau 50 a kowane sakan. A Nijar ma kusan haka ne. Kwamfuta kuwa ba ta shan wannan wuta kai tsaye. A cikinta akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, wanda masu gyara ke kira fawa fak, aikinsa ya mayar da wutar bango zuwa bolt 12, da 5, da 3.3 masu gudana a miƙe. A cikin akwatin akwai kafasita, irin wadda mai gyaran fanka ke sauya maka amma ta fi girma, ita ce ke riƙe ɗan guzuri idan wuta ta yi tuntuɓe. Guzurin nan fa ƙanƙane ne. Ma'aunin da masu ƙera akwatin ke bi yana neman ya iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 ko 17 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Ƙiftawar idonka ta ninka wannan sau shida ko fiye. Ke nan wuta za ta iya ɗaukewa ta dawo, kai ba ka ga komai ba, fanka ba ta ko rage gudu ba, amma kwamfuta ta mutu ta tashi.

To me ke sa wuta tuntuɓe a cikin gida? Babban wanda ake zargi shi ne duk wani abu mai moto a ciki: firiji, firiza, injin tura ruwa tanki, na'urar sanyaya ɗaki. Firiji idan yana tafiya ba wata wutar kirki yake ci ba. Amma a lokacin da kwamfiresonsa zai tashi daga tsaye, yakan fizgi ninki biyar ko shida na abin da ya saba ci, na ƙasa da sakan ɗaya. Kowa ya san alamar: ƙwan fitila ya ɗan dusashe, ka ji firiji ya yi gurnani, haske ya dawo. Kamar famfon gida ne, kana wanka wani ya buɗe na tsakar gida, ruwanka ya koma zirara. Idan wayoyin gidan masu kauri ne, kuma wutar ta zo da ƙarfinta, kwamfuta ba za ta ko ji a jikinta ba. Amma ɗauki gidan da dama rabin wuta ake ba shi da daddare saboda taransifomar unguwa ta ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta, ga firiji da kwamfuta a kan istenshan ɗaya mai siririyar waya, ga soket ɗin ya yi sako-sako har ya fara baƙi. A nan fizgar da firiji zai yi ta isa ta kai wutar ƙasa da abin da fawa fak zai jure.

Lokacin da moto ke tsayawa ma da tasa fitinar. Naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa ba ta son a yanke mata wuta farat ɗaya, sai ta yi harbi, ta mayar da wata 'yar tsawa mai ɗaruruwan bolt cikin layin, na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ita ce "ƙas" ɗin da kake ji a sifika idan an kashe fanka. Wannan harbi ba lalle ya kashe kwamfuta ba, amma yakan sa ta yi ƙarar nan ta an zare filas alhali ba wanda ya zare, ko firinta ta tsaya a tsakiyar shafi.

Dutsen guga da hitar dafa ruwa ba su da moto, su dai ci ne da su, wat 1,000 zuwa 2,000 ko fiye. Firintar lesa da injin fotokofi su ma suna da wani ƙarfe a ciki da suke zafafawa lokaci-lokaci, shi ya sa a shagunan buga takardu za ka ga fitila na lumshewa ko da ba a buga komai. Kada kuma a manta da maƙwabta. Mai walda da mai injin niƙa, in dai taransifoma ɗaya kuke sha, duk abin da suka fizga kai ma a jikinka yake. Idan kwamfutarka ba ta taɓa tayar da hankali ranar da mai waldar layinku ba ya fitowa, ka gama bincike.

Akwai abin da ke ƙara dagula lamarin, wato zafi. Kafasita tana tsufa, kuma masu ƙera ta suna da lissafin da suke bi cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Ka tuna irin zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda ake haura digiri 40, sannan ka tuna cewa yawancin kwamfutocin tebur da ke hannunmu 'yan Kwatano ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a wani ofis a Turai ko Amurka. Guzurin nan na kashi 16 cikin 1,000 ya daɗe da raguwa. Shi ya sa kwamfuta biyu za su zauna a soket ɗaya, ɗaya ta mutu idan firiji ya tashi, ɗayar ko gezau. A irin wannan hali laifin na su biyu ne, firijin da fawa fak ɗin, kuma sauya fawa fak ya fi sauya firiji sauƙi. (Tun da an zo kan 'yan Kwatano: wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wadda ta fito daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, tana iya zuwa a kan 115. Ka duba kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.)

Sai janareta, wanda shi ne ya bambanta labarinmu da na mutanen Wales. Ƙaramin janareta dole ya riƙa juyi 3,000 a minti kafin ya ba da wuta mai kai da kawo sau 50 a sakan. Da firiza ta fizge shi sai ka ji muryarsa ta yi ƙasa, ya yi kamar zai mutu sannan ya farfaɗo. A wannan ɗan tsakani ƙarfin wutar da saurin kai-da-kawonta duk sun kauce. Mutum ya sayi UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, don ya huta, sai ya tarar da sabon ciwon kai: UPS ɗin ya duba wutar janareta ya ga ba ta yi masa ba, ya koma kan batir, ya dawo, ya sake komawa, kana ta jin ƙas-ƙas. Batirin ba ya samun caji, ya ƙare, kwamfuta ta mutu alhali injin na ta ruri a waje. Wasu UPS ɗin suna da wurin da ake rage musu tsantseni don su karɓi wutar janareta. In naka ba shi da shi, mafita ita ce a rage wa injin kaya, musamman masu moto. Inbata mai araha ma da nata halin. Wutar da take fitarwa hawa-hawa ce kamar matakala, maimakon ta riƙa lanƙwasa sumul, shi ya sa fanka ke kuka a kanta. Wasu fawa fak na zamani ba sa shiri da irin wannan wuta, da an koma kanta sai su kashe kansu.

Sitabilaiza fa? Tana da amfaninta, tana ɗaga wutar da ta zauna a ƙasa, tana sauke wadda ta yi sama. Amma mai irin ƙas-ƙas ɗin nan sai abu ya faru take ankara, kafin ta motsa fizgar firiji ta riga ta wuce. Mutane da yawa suna saye ne da tunanin ta gama musu komai, ni kuwa a ganina ga kwamfutar tebur UPS mai lafiyayyen batir ya fi ta muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ramin soket na uku

Soket ɗinmu mai rami uku ne, irin na Ingila. Biyu na ƙasa su ne ke kai wuta su dawo da ita. Na saman, wanda ƙafarsa ta fi tsawo, na wayar ƙasa ne, abin da masu aikin wuta ke kira atin. A gidaje da dama in ka kwance soket za ka tarar ramin nan ba a jona masa komai ba, an yi tsimin waya. Wani gidan an ja wayar, amma sandar jan ƙarfen da ya kamata a kafa a ƙasa babu ita, ko ta ruɓe, ko ƙasar ta bushe ƙayau da rani har ta daina aiki yadda ya kamata. Dalilin da ya sa masu aikin wuta ke zuba gawayi da gishiri a ramin ke nan.

An fi sanin atin da kare rai, kuma wannan ne babban aikinsa. Amma ga kwamfuta yana da aiki na biyu. A bakin fawa fak akwai 'yar matata da ke tace dattin da ke biyo wuta, kuma ta wayar ƙasa take zubar da shi. In babu wayar, dattin ba shi da magudana, sai ya taru a jikin akwatin kwamfutar. In ka auna kana iya ganin kusan rabin ƙarfin wutar bango a jikin ƙarfen, ko da yake abin da ke gudana kaɗan ne ƙwarai. Shi ne ɗan cizon nan da kake ji idan ka taɓa bayan kwamfuta ba takalmi, ko ka goga hannu a jikin laftof tana caji ka ji kamar tana karkarwa. Daga nan ake samun gunjin da ba ya ƙarewa a sifika, da ɗan tartsatsi lokacin jona wayar talabijin ko firinta, da allon linzamin laftof da ke haukacewa da zarar an sa caja. Caja ta bogi kan ninka wannan matsala, domin abin da ake fara cirewa don a rage kuɗi shi ne matatar. Wanda wayarsa ta taɓa danna kanta da kanta a kan wata caja ya san zancen.

Wani gyaran gangar Auzinawa da ake yi shi ne a ɗaure ramin atin da wayar nutural, wato wadda ke dawo da wuta, a bayan soket, a ce an yi maganin cizo. Ranar da nutural ɗin ta tsinke a wani wuri, jikin kwamfutar gaba ɗaya zai ɗauki cikakkiyar wuta. Kada ka yarda a yi maka wannan, kuma aikin atin ba na mai koyo ba ne.

Wata hayaniyar kuma ba ta bin waya sam, ta iska take zuwa. Waɗanda suka ga zuwan wayar salula a 2001 ba za su manta da "dit-dit-dit" ɗin da rediyo ko sifika ke yi kafin kira ya shigo ba. Wayar ce ke aika saƙonta a guntu-guntu, kimanin sau 217 a sakan, wayoyin sifika kuma su kama kamar eriya. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki ne a kan zangon gigahaz 2.45, Wi-Fi na gama-gari da Bluetooth da linzami marar waya kuma duk suna cunkushe a zangon 2.4. In intanet na tsinkewa duk lokacin da ake ɗumama miya, matsar da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, daga kusa da kicin, ko ka koma zangon gigahaz 5 in na'urarka tana da shi. Maikurowef ta taɓa wasa da hankalin manyan masana: a cibiyar nazarin sararin samaniya ta Parkes da ke Ostareliya, tun 1998 ake ɗaukar wasu baƙin sigina da aka rasa tushensu, sai a 2015 aka gano ma'aikata ne ke buɗe murfin maikurowef kafin ta tsaya. Abin da ya taimaka wajen kama ta, yawancin siginar wajen lokacin cin abincin rana suke zuwa. Hatta kwamfutar kanta tana yi wa kanta kutse. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a 2012 cewa ramin USB 3.0, mai shuɗin harshen nan, yana fitar da hayaniya a zangon 2.4, ta yadda linzami marar waya ke sarƙewa in an soka 'yar na'urar da ke karɓar saƙonsa kusa da faifan ajiya. Gajeriyar wayar ƙari da za ta nisanta su da taƙi biyu ta wadatar. Wannan ɗan kumburin da kake gani kusa da ƙarshen wayar caja ko ta allo, shi ma don shaƙe irin wannan hayaniya aka sa shi. Haka murfin gefen kwamfuta: garkuwa ne, masu cire shi don ta sha iska sun tsaga bango, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.

Da hunturu akwai ƙari. Iska kan bushe har damshinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, jiki ya riƙa tara wuta daga bargo, da kafet, da kujerar roba. Sai ta kai wajen bolt 3,000 kafin mutum ya ji tas a yatsa, alhali abin da bai kai haka ba ya isa ya firgita kwamfuta. In allonka yana ɗaukewa na sakan ɗaya daidai lokacin da ka miƙe daga kujera, kuma a Disamba ko Janairu abin ya fi yawa, to ga inda za ka duba. Taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka taɓa kwamfuta, ka kuma gwada wata wayar allo mai kauri.

Yadda ake kama mai laifi

Kayan aikin farko biro ne da takarda. Duk lokacin da abin ya faru, rubuta ƙarfe nawa, wutar NEPA ce ko janareta ko inbata, da kuma abin da aka kunna ko aka kashe a gidan. Kwana uku zuwa mako ɗaya ya isa zane ya fito. In kana amfani da Windows, ita ma tana da nata littafin: buɗe Event Viewer ka nemi saƙon Kernel-Power mai lamba 41, wanda take rubutawa duk lokacin da ta tashi bayan mutuwar da ba a shirya ba. Saƙon ba ya faɗin dalili, amma yana ba ka lokaci, sai ka gwama da takardarka.

In laftof ce, aikinka ya zo da sauƙi: zare caja ka yi aiki da batir. In fitinar ta tsaya, daga caja ne ko daga bango. In ta tebur ce, kai ta gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa ta kwana biyu, da allonta da wayoyinta duka. Sannan ka gwada tayar da fitinar da gangan, domin zargi bai zama hujja ba sai ka iya maimaita shi: kwamfuta na kunne, a tayar da injin ruwa, a kashe, a jona dutsen guga, a zare firiji a mayar. Shi firiji a ba shi kamar minti biyar kafin a mayar, kwamfiresonsa ba ya son a tashe shi nan take.

Akwai kuma dabarar da ta dace da mu, mutanen da ba a raba mu da rediyo. Ɗauki 'yar rediyonka mai batir, ka murɗa ta zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, ka riƙa zagaya gida da ita. Kusa da caja marar kyau, ko ƙwan fitila mai araha, ko soket ɗin da ke tartsatsi a ɓoye, za ka ji ƙara ta tashi kamar ana suya. Kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke. Abin da injiniyoyin Aberhosan suka yi ke nan, tasu na'urar ce kawai ta fi tsada. Dattawan da ke ƙorafin cewa gajeren zango ya daina fita tangaran tun da aka cika gida da caja da fitilun zamani, gaskiya suka faɗa.

In kuwa takardarka ba ta nuna wani tsari ba, kuma ciwon ya bi kwamfutar har gidan ɗan'uwanka, to a nan ne mai gyara ke da aiki: ƙura ta toshe fanka, ko ma'adanar wucin-gadi ta RAM ta saki, ko faifai ya fara gajiya, ko kuma, e, manhaja ce ta lalace. Wadda ke mutuwa sai an ɗora mata aiki mai nauyi kaɗai, zafi ne ko fawa fak.

Wajen kashe kuɗi, a fara da mai arha. A ɗaure sukurorin soket, a sauya wanda ya yi baƙi, a raba kwamfuta da firiji kowa da layinsa, a jefar da istenshan ɗin da ke ɗumi in an taɓa. Wayar soket ta zama mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kada a ja ta daga layin fitila. Sai atin, sai caja ta gaske, sai UPS, kuma kada a jona masa firintar lesa, za ta durƙusar da shi. Istenshan mai kariya daga harbin wuta yana da amfani, sai dai abin da ke cikinsa yana cinyewa da kowane harbi, kuma rabin aikinsa ya dogara da atin ɗin da wataƙila babu shi. Shi fawa fak kada ka buɗe shi da kanka, kafasitarsa tana riƙe wuta bayan an zare filogi.

Alama ɗaya ce ba a tsayawa rubuta ta a takarda. In ka ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani ɗakin kuma sun dusashe, fanka na gudu kamar za ta tashi sama, wataƙila nutural ce ta saki a kan fol ko a bakin mita. A irin wannan hali wutar soket tana iya dosar bolt 400. Je ka kashe babban makunnin gidan tukuna, sannan ka kira mai aikin wuta.